Mota, Tarago da Jirgin Fito: Tambayoyi da Amsoshi kan Zirga-zirga a Kuroshiya da Amurka

An tattara waɗannan tambayoyi ne don masu shirin zuwa karatu, aiki ko yawon buɗe ido a ɗaya daga cikin ƙasashen nan biyu, da kuma masu son su san dalilin da ya sa ƙasashe biyu da duk suke tuƙi a hannun dama suka sha bamban haka a kan titi.

Da gaske ne ba a iya zaman Amurka sai da mota, amma ana iya zaman Kuroshiya ba ita?

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma maganar tana buƙatar gyara. A Amurka, wajen gidaje 92 cikin 100 suna da mota aƙalla ɗaya. Kafin annobar korona, kashi uku cikin huɗu na ma'aikata su kaɗai suke tuƙa kansu zuwa wurin aiki, masu hawa bas da jirgin ƙasa kuwa ba su wuce 5 cikin 100 ba. A birane irin su Houston ko Phoenix, ko burodi mutum zai sayo sai ya ɗauki makulli. Birnin New York ne ya fita zakka: fiye da rabin gidajensa ba su da mota, domin jirgin ƙarƙashin ƙasa, mai tashoshi 472, yana aiki dare da rana.

A Zagreb, babban birnin Kuroshiya, mutum zai iya yin shekaru ba mota kuma ba abin da zai rage shi da shi. Shuɗin taragon lantarki na kamfanin ZET, mai bin dogo a kan titunan gari, yana ratsa tsakiyar gari ta kowace fuska, akwai layukan rana, akwai na dare, tikitin gajeriyar tafiya kuma bai kai yuro ɗaya ba. Amma fita daga birni ka shiga ƙauyukan yankin Lika ko na Slavonia, sai labari ya sha bamban. A can bas na iya zuwa sau biyu ko uku a wuni, ranar Lahadi ma wani lokaci babu, don haka manomin Lika ya dogara da motarsa kamar yadda manomin jihar Iowa ta Amurka ya dogara da tasa.

To me ya kawo wannan bambanci a birane?

Lokacin da aka gina garuruwan. Tsakiyar birnin Split fadar sarkin Rum ce, Diocletian, wadda aka kammala wajen shekara ta 305, kuma har yau mutane na zaune a cikinta, suna shanya kaya a tagoginta. Lungunan ciki wasu mutum biyu ma sai sun karkace suke wuce juna. Tsohon birnin Dubrovnik yana cikin ganuwa, mota ba ta shiga. Garin da aka tsara don mai tafiya a ƙasa da jakinsa ba ya karɓar mota sai an rushe shi, su kuwa ba su rushe ba. Ko unguwannin da aka gina a zamanin gurguzu na Yugoslabiya, ƙasar da Kuroshiya ke cikinta a da, irin su Novi Zagreb da ke hayin kogin Sava, dogayen benaye ne da aka sa wa makaranta, kasuwa da ɗakin shan magani a kusa, daga baya aka kai musu layin tarago.

Amurka ma ta taɓa zama ƙasar tarago, abin da yawancin mutane ba su sani ba ke nan. A shekarun 1920 yankin Los Angeles yana da layukan taragon lantarki na kamfanin Pacific Electric da tsawonsu ya haura mil 1,000. Na ƙarshensu ya daina aiki a 1961. Abubuwa da dama ne suka taru suka kashe su. Motar Ford ƙirar Model T, da ta fito a 1908, ta sa mota ta zo hannun talaka. A 1926 Kotun Ƙoli ta amince wa ƙananan hukumomi su raba gari kashi-kashi, nan gidaje zalla, can shaguna zalla, ta yadda a unguwanni da yawa haramun ne mutum ya buɗe ɗan kanti a ƙofar gidansa. Aka kuma wajabta wa duk mai gina shago ko ofis ya tanadi filin ajiye motoci, wanda sau da yawa ya fi ginin kansa girma. Sai kuma dokar 1956 da shugaba Eisenhower ya sa wa hannu, wadda ta haifar da manyan titunan da suka haɗa jihohi, masu tsawon sama da kilomita 75,000. Gwamnatin tarayya ce ta biya kashi 90 cikin 100 na kuɗin, kuma ba a tsaya a bayan gari ba: an ratsa da titunan ta tsakiyar birane, aka share unguwanni, galibi na baƙaƙen fata da marasa galihu.

Saboda haka idan ka ga Ba'amurke ya hau mota don tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya ba, kada ka yi saurin cewa lalaci ne. Sau da yawa babu hanyar ƙafa a gefen titin, kuma tsakaninsa da shagon akwai titi mai layi shida.

Girman ƙasa ba shi ne dalili ba?

Yana da nasa rabon a doguwar tafiya. Kuroshiya murabba'in kilomita 56,600 ce, kusan girman Jihar Taraba, mutanenta kuma ba su kai miliyan 4 ba. Jihar Texas kaɗai ta ninka ta sau 12. Daga New York zuwa Los Angeles wajen kilomita 4,500 ne a mota, shi ya sa jirgin sama ya zame wa Amurkawa abin hawan yau da gobe. Amma faɗin Texas ba shi ya hana yaro a Dallas takawa zuwa makaranta ba.

Mutanen Kuroshiya ba su damu da mota ba ke nan?

Ina! Sun damu ƙwarai. Mota ƙirar Jamus abin tunƙaho ce a can, kuma da yawa daga cikin motocin da ke kan titi na hannu ne da aka shigo da su daga Jamus, inda dubban 'yan ƙasar ke ci-rani tun shekarun 1960. Dawowa gida hutu a cikin Marsandi ko BMW tsohuwar hanya ce ta nuna wa dangi cewa tafiya ta yi kyau. Ƙasar ce ma ta fitar da Mate Rimac, mai kamfanin da ke ƙera motar lantarki ta Nevera, ɗaya daga cikin mafi gudu a duniya, wanda tun 2021 kamfanin Bugatti ya dawo ƙarƙashin jagorancinsa.

Inda gwamnati ta zuba kuɗi ma ya nuna haka. Bayan yaƙin neman 'yancin kai na 1991 zuwa 1995, babban abin alfaharin ƙasar shi ne tagwayen hanyar A1, wadda ta haɗa Zagreb da Split a 2005, ta huda tsaunuka da ramuka irin na Mala Kapela da Sveti Rok, kowanne kusan kilomita 6. Yau ƙasar tana da sama da kilomita 1,300 na irin waɗannan hanyoyi. A Yulin 2022 aka buɗe gadar Pelješac mai tsawon mita 2,404, wadda wani kamfanin China ya gina, Tarayyar Turai ta biya kaso mafi tsoka. Kafin ita, mai zuwa Dubrovnik ta mota sai ya tsallaka iyakar Bosniya a Neum, ya sake tsallakowa bayan 'yan kilomitoci. A ganina, ta fuskar tafiya tsakanin gari da gari, Kuroshiya ta fi kama da Amurka fiye da yadda take kama da Ostiriya, wadda ba ta da nisa da ita.

Jirgin ƙasa fa, wa ya fi?

Tsakanin su biyun babu na yabo. Daga Zagreb zuwa Split mota na yin awa huɗu, bas wajen biyar, jirgin ƙasa kuwa shida zuwa takwas, a kan layi guda ɗaya da ba a sa wa yawancinsa lantarki ba. Dubrovnik, ɗaya daga cikin garuruwan da suka fi jan baƙi, ba shi da jirgin ƙasa tun 1976. Don haka ɗan Kuroshiya da ba shi da mota tashar bas yake nufa, kuma bas ɗin nasu suna da tsabta, suna tashi a kan lokaci, ɗalibi da lauya da tsohuwa mai kwandon kaya duk kujera ɗaya suke zama.

A Amurka, kamfanin Amtrak da aka kafa a 1971 yana aiki sosai a layin Boston zuwa New York zuwa Washington, inda jirgin Acela ke yin kimanin awa uku tsakanin biranen biyu na ƙarshe. Wajen wannan yanki, yawancin layukan dogo mallakar kamfanonin dakon kaya ne, jirgin fasinja kan tsaya a daji yana jiran na kaya ya wuce. Las Vegas ba ta da jirgin fasinja tun 1997. Bas ɗin doguwar tafiya kuwa, irin su Greyhound, an mai da su abin hawan wanda ba shi da yadda zai yi. Abin sha'awa, tun 2021 Greyhound ɗin yana hannun kamfanin nan na Jamus mai FlixBus, wanda korayen motocinsa ke cika tashar Zagreb.

Yaya ake samun lasin tuƙi?

A Kuroshiya sai mutum ya cika 18, kuma dole ya bi ta makarantar koyon tuƙi: awa 30 na dokokin hanya, darasin taimakon gaggawa, sannan awa 35 a bayan sitiyari tare da malami. Ƙungiyar masu motoci ta ƙasar, HAK, ce ke yin jarrabawar, faɗuwa a karon farko kuma ba abin kunya ba ne don ta zama ruwan dare. Kuɗin duka yakan haura yuro 1,000, shi ya sa iyaye ke tara shi tun yaro na sakandare.

A Amurka kowace jiha da dokarta. A yawancinsu ana samun lasin a shekara 16, wasu irin South Dakota suna ba da takardar koyo tun 14. Uba ko uwa ne ke koyarwa a filin ajiye motocin wani kanti ranar Lahadi, kuɗin lasin a yawancin jihohi bai kai dala 100 ba. Sauƙin ba sakaci ba ne zalla. Ƙasar da ba a zuwa aiki sai da mota ba za ta iya tsananta lasin ba. Kuma da yake babu katin ɗan ƙasa na bai-ɗaya, lasin ɗin ne katin shaida, shi ake nunawa a banki da filin jirgi.

Zan iya hayar mota mai otomatik a Kuroshiya?

Za ka iya, amma ka nema tun da wuri kuma ka shirya ƙarin kuɗi. Yawancin motocin can masu giyar hannu ne, kodayake otomatik na ƙaruwa a sababbi. Wanda ya yi jarrabawa da otomatik ma akan rubuta masa a lasin cewa ita kaɗai zai tuƙa. A Amurka kuwa samari da yawa ba su taɓa taka kuloci ba.

Me ya sa motocin Amurka suka fi girma?

Arhar mai da faɗin titi. Harajin tarayya a kan fetur santi 18.4 ne kan kowane galan, kuma ba a taɓa shi ba tun 1993. Galan ɗaya kusan lita 3.8 ne, a 'yan shekarun nan kuma lita ba ta cika kaiwa dala ɗaya ba a yawancin jihohi. A Kuroshiya lita na kaiwa wajen yuro ɗaya da rabi, ga albashi bai kama ƙafar na Amurka ba. Shi ya sa a-kori-kurar Ford jerin F ta shafe sama da shekara 40 tana kan gaba a ciniki a Amurka, yayin da Golf da Škoda Octavia, da yawansu masu shan dizal, suka cika titunan Kuroshiya. A-kori-kurar nan tana kusan mita 6. Ka kai ta lungunan tsofaffin garuruwa irin su Rovinj ko Šibenik, ba fakin ba, juyawa ma sai an taru ana ba ka hannu.

Waɗanne dokokin hanya ne suka fi rikita baƙo?

Na farko jan danja. A kusan duk Amurka, idan za ka karya dama, kana iya tsayawa, ka duba, ka wuce ko da danja ta nuna ja. Dokar ta bazu ne a shekarun 1970 lokacin ƙarancin mai, don rage ƙona fetur a tsaye. Birnin New York ne bai yarda da ita ba sai inda aka sa allo. A Kuroshiya ja ja ne, sai in an kunna maka ƙaramar koriyar kibiya a gefe.

Na biyu mararrabar da kowane ɓangare ke da allon tsayawa, wadda ta cika unguwannin Amurka. Motoci huɗu su iso, kowa ya taka birki ya tsaya cak. Wanda ya riga isowa shi ke fara wucewa. In biyu suka iso tare, na hannun dama ne. Sai ka ga direba ya ɗaga yatsu biyu daga kan sitiyari yana cewa bismilla, ɗayan ya gyaɗa kai, ya wuce a hankali. Ɗan Kuroshiya bai saba da wannan kallon-kallo ba. A wurinsa allo ne ke yanke hukunci: mai ruwan ɗorawa mai kusurwa huɗu yana nufin hanyarka ce babba, kada ka tsaya. Inda babu allo ko kaɗan, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya, ko da daga ɗan lungu ya ɓullo. Nan ne Amurkawa ke yawan shan hon.

Na uku layin hagu a babban titi. A Kuroshiya na wuce mota ne kawai, ka wuce ka koma dama. In ka yi zamanka a ciki, cikin daƙiƙa kaɗan za ka ga wata Audi a madubi tana watsa maka fitila. Iyakar gudu kilomita 130 ne a awa, 90 a wajen gari, 50 a cikin gari. A Amurka mil ake ƙirgawa, iyakar ta danganta da jiha, mafi yawa shi ne mil 85 a wani titi na Texas, kuma direbobi kan baje a kowane layi.

Ƙari a kan haka, a Kuroshiya dole a kunna fitila da rana a watannin hunturu, kuma daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu ana buƙatar kayan hunturu, wato tayoyin da suka dace da ƙanƙara, a manyan hanyoyin da aka ayyana.

Ana biyan kuɗin hanya?

A Kuroshiya, ƙwarai. Ana caji gwargwadon nisan da ka yi, Zagreb zuwa Split ya haura yuro 20 ga ƙaramar mota. Wanda ba ya son biya sai ya bi tsohuwar hanya, ko ta bakin teku mai kwana-kwana, wadda ta fi kyan gani ta kuma fi cin lokaci. Yawancin manyan titunan Amurka kyauta ne, sai dai wasu tituna da gadoji, musamman a gabashin ƙasar, inda na'urar E-ZPass ke cire kuɗin kana tafe.

Yaya mutanen tsibirai suke yi?

Nan ne Kuroshiya ke da abin da ba kasafai ake gani a Amurka ba. Tana da tsibirai sama da 1,000, kimanin 50 ne ke da mazauna, kuma jirgin fito shi ne titinsu. Kamfanin gwamnati na Jadrolinija, da aka kafa a 1947 a Rijeka, shi ne babba. Daga Split zuwa Supetar a tsibirin Brač minti 50 ne, zuwa Vis ya haura awa biyu. Mazauna tsibiri suna da katin rangwame, kuma rayuwarsu a kan jadawalin jirgi take: ganin likita, zuwa kotu, sayo siminti, duk sai an duba ƙarfe nawa na ƙarshe zai tashi.

A tashar Split da rani, motoci kan jeru layi-layi tun awa guda ko biyu kafin lokaci, injuna a kashe, ƙofofi a buɗe. Jirgi ya iso ya buɗe baki, ma'aikata su riƙa cusa motoci da alamar hannu har sai madubi ya kusa taɓa madubi, wani direban ma ta ƙofar fasinja zai fita. Tikiti a hannu ba koyaushe yake nufin ka sami wuri a wannan sawun ba. In ya cika, sai na gaba.

Sai kuma iskar bura, mai gangarowa daga tsaunin Velebit zuwa teku, wadda kan wuce kilomita 200 a awa. In ta taso, a dakatar da jiragen ruwa, a rufe gadar Krk ko ta Maslenica, wani lokaci har da wani yanki na A1. Mutanen yankin ba sa jayayya da ita, sukan ɗage tafiyar kawai. Akwai ma tsibiran da aka hana mota gaba ɗaya, irin su Zlarin da Silba. Amurka tana da irin wannan guda sananne, tsibirin Mackinac a Michigan, wanda ya hana mota tun 1898.

Ina aka fi yin haɗari?

Amurka. Tana rasa mutum wajen 40,000 a shekara, kusan 12 cikin kowane 100,000, kuma masu tafiya a ƙasa da ake bankewa sun haura 7,000 a shekara a 'yan shekarun nan. Kuroshiya tana rasa ƙasa da 300, wajen 7 cikin 100,000. Kada wannan ya sa a yaba mata da yawa, domin a Tarayyar Turai tana cikin na baya-baya, kuma obatekin a kan kwana a hanyoyin ƙauye tsohon ciwo ne a can. Wani ɓangare na bambancin lissafi ne kawai: Ba'amurke ya fi daɗewa a kan titi nesa ba kusa ba. Game da yawan barasa a jinin direba, iyakar Kuroshiya 0.05 cikin 100 ce, sifili kuma ga matasan direbobi da masu tuƙin haya. A Amurka 0.08 ce, ban da Utah da ta sauko zuwa 0.05.

Gaskiya ne Amurkawa a mota suke cin abinci?

Suna ci, suna sha, suna cire kuɗi a banki, suna karɓar magani, duk ta taga ba tare da sun sauko ba. Ba a banza motocinsu suka cika da ramukan ajiye kofi ba. Ɗan Kuroshiya kuwa yana ganin shan kofi a kan tafiya ɓarna ce. Ƙaramin kofi ɗaya sai a yi awa biyu a kansa ana hira. Safiyar Asabar a Zagreb mutane kan ci ado su fito tsakiyar gari a ƙafa, su sayi kayan miya a kasuwar Dolac, su zauna a teburan waje su ga mutane a gan su. A Split bakin teku ake yin wannan da yamma, a Rijeka kuma titin Korzo. Matashin Amurka a ƙaramin gari, in yana son irin wannan, mota yake shiga ya yi ta zagaye.

Yara fa, yaya suke zuwa makaranta?

A Amurka, ko dai iyaye su kai su, ko su hau bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa, launin da aka tsayar tun 1939. Baƙon direba ya kiyaye: in bas ɗin ya tsaya ya miƙo allonsa yana ƙyafta jar fitila, kowa sai ya tsaya, har masu tahowa ta ɗaya hannun in ba a raba titin da shinge ba. Tarar tana da zafi. A biranen Kuroshiya yaran firamare da ƙafa suke zuwa da jaka a baya, na sakandare su hau tarago ko bas na kowa da kowa.

In ɗan sanda ya tsayar da ni fa?

A Amurka ka gangara gefe, ka kashe mota, ka zauna a ciki, hannuwanka a kan sitiyari. Kada ka fito don gaisuwa, kada ka kai hannu aljihu ko durowa sai ka faɗa masa abin da za ka ɗauko, domin a ƙasar da bindiga ta yi yawa yana zaton komai. A Kuroshiya abin bai kai haka zafi ba: lasin, takardun mota, wani lokaci a ce ka hura na'urar gwajin barasa.

Tasi fa, da lokacin da ya kamata a guji hanya?

Uber yana aiki a ƙasashen biyu, a Kuroshiya akwai Bolt, a Amurka akwai Lyft. Direban Amurka yana sa ran tukuici na kashi 15 zuwa 20 cikin 100, na Kuroshiya kuwa in ka bar masa canji ya gode. A garuruwan bakin teku da rani, ka tambayi kuɗi kafin ka shiga tasin da ke jira a tashar jirgi.

Lokacin da ya kamata a guji hanya a Kuroshiya shi ne Asabar ɗin Yuli da Agusta, ranar da masu hutu daga Jamus, Ostiriya, Poland da Cek ke sauya ɗakunan haya: wasu na fita, wasu na shigowa, layin motoci a shingen karɓar kuɗi na Lučko da ke bakin Zagreb ya miƙe kilomitoci. In da hali ka tashi Talata ko Laraba. A Amurka kuwa ka guji Larabar da ke gaban bikin godiya na ƙarshen Nuwamba da Lahadin da ke bayansa, a titi da filin jirgi duka.